Majalisa na iya bincikar ɗanta, amma kujerar da yake kai ba tata ba ce

Wani ƙanena daga Daura ya turo mani saƙo daren jiya, ya ce gardama ce ta kaure masu a majalisarsu ta wurin mai shayi har aka tashi ba a ida ta ba. Ga yadda ya rubuto: "Yaya Barista dan Allah a raba mana gardama. In 'yan majalisar dokoki suka zargi ɗaya daga cikinsu da laifi, suna da ikon su kafa mashi kwamiti su bincike shi da kansu? In sun ce sun same shi da laifi za su iya korarshi, ko su dakatar da shi shekara guda su riƙe albashinshi? Wani a cikinmu ya rantse cewa majalisa gidansu ne, kotu ba ta da hurumin leƙa abin da ke ciki." Na fara amsa mashi ta saƙon murya sai na ga abin ya fi ƙarfin haka, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tau ƙanena, kowane ɓangare a cikinku akwai ɗan abin da ya kama. Ee suna iya bincikarshi, suna iya tsawata mashi, har suna iya ce mashi fita waje na 'yan kwanaki. Amma igiyar tasu ba ta kai tsawon da suke nunawa ba. Ba su iya yanke mashi hukuncin sata ko zamba, ba su iya ɗaure shi, ba su iya ƙwace kujerarshi, kuma shi wancan abokin naku da ya rantse, ka ce mashi ya fara shirin kaffara.

Bari in fara da inda ikon ya fito, dan a nan mutane da yawa ke ruɗewa har da wasu 'yan majalisar. Da ka ce bincike sai kowa ya ruga sashe na 88 da 89 na kundin tsarin mulkin 1999, waɗanda su ne na majalisar tarayya, ko 128 da 129 in majalisar jiha ake magana irin tamu ta Katsina. Gaskiya ne waɗannan sassan sun ba majalisa ikon ta kira mutum, ta rantsar da shi, ta nemi takardu, in ya ƙi zuwa ba dalili ta ba da waranti ɗan sanda ya kawo shi. Amma ka karanta sashen har ƙasa, akwai sharaɗi. Binciken nan sai ya zama dan ɗaya daga abu biyu: ko dan a yi doka ko a gyara wadda ake da ita, ko kuma dan a tona cin hanci da sakaci da ɓarnar dukiya wajen aiwatar da dokokin majalisar da kashe kuɗin da ta ware. Ka ga ke nan bakin bindigar waje yake kallo, wajen ma'aikatu da hukumomi da masu riƙe da kuɗin gwamnati. Tun a jamhuriya ta biyu kotun ɗaukaka ƙara ta faɗa wa majalisar dattawa haka a shari'arta da Tony Momoh lokacin yana editan Daily Times, cewa ba a ba ta lasisin ta riƙa kiran duk wanda ta ga dama tana mashi tambayoyi ba. Aka sake nanata wa majalisar wakilai irin wannan magana a 2003 a shari'arta da Nasiru El-Rufa'i. Saboda haka ɗan majalisa zai shigo ƙarƙashin wannan sashe ne in kuɗin da majalisa ta ware sun bi ta hannunshi, misali kwangilar gyaran ofisoshi ko kuɗin kwamiti. Amma wai ya yi wa kakaki rashin kunya, ko ya yi hira a rediyo an ji haushi, wannan ba aikin sashe na 128 ba ne.

Ikon ladabtarwa daga wani wuri daban yake fitowa. Sashe na 60 ya ba majalisar dattawa da ta wakilai damar su tsara yadda za su gudanar da zamansu, sashe na 101 ya ba majalisun jihohi irin wannan damar, daga nan ne suke rubuta littafin ƙa'idojin zama, kuma a ciki ne ake samun kwamitin ɗa'a da ladabtarwa. Sai kuma dokar iko da alfarmar majalisu da marigayi Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018. Ba wanda ke musun cewa gida sai da tsari. In mutum ya tashi ya kai wa ɗan'uwanshi naushi a zaure, ko ya sungumi sandar majalisa, ko ya ƙi zama bayan kakaki ya buga guduma, ai ba za a ce a jira kotu ba kafin a fitar da shi. Amma littafin ƙa'idojin nan jika ne a gidan, tsarin mulki ne kaka. Sashe na 1 ya faɗa ƙarara cewa duk dokar da ta ci karo da tsarin mulki ta faɗi, tau ina ga ƙa'idar da mutum 34 suka zauna suka rubuta wa kansu.

Yanzu maganar "gidanmu ne, kotu ba ta shigowa". Na san inda ta samo asali kuma ba ƙarya ce zalla ba, tsohon zance ne da ya kwana. Gadon Ingila ne, can tun dokar 1689 aka hana kotu tuhumar abin da aka faɗa ko aka yi a zauren majalisa, dan su a wurinsu majalisa ce gaba da komai. Mu ma a nan an taɓa tafiya a kan haka. Dattawanmu na tune da 1981 lokacin Katsina da Daura na cikin tsohuwar jihar Kaduna, majalisa ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa ta tsige gwamna Balarabe Musa, ya je kotu, kotuna suka ce hannunsu a ɗaure yake. Amma mu ba tsarin Ingila muke bi ba, namu rubutacce ne, kuma sashe na 4 ƙaramin sashe na 8 ya ce yadda majalisa ke amfani da ikonta yana ƙarƙashin hurumin kotu, ba ta ma da ikon yin dokar da za ta toshe wannan ƙofa. Shari'ar Ladoja, tsohon gwamnan Oyo, ce ta ida kashe bakin zancen. Wasu 'yan majalisar Oyo suka koma otal a Ibadan suka shirya tsige gwamna, kotun ƙoli ta ce a'a, in kun bi matakan da tsarin mulki ya shimfiɗa ba ruwanmu da dalilinku, in kun tsallake ko ɗaya muna da ido. Tun daga nan ƙa'idar ta zauna: alƙali ba zai zo ya koya wa majalisa yadda ake muhawara ba, amma da ta taka tsarin mulki, ko ta taka ƙa'idar da ita da kanta ta rubuta, ko ta danne haƙƙin mutum, ƙofar kotu a buɗe take.

Iyaka ta farko ke nan da nake so ka riƙe, majalisa ba kotu ba ce. Sashe na 6 kotuna ya ba ikon shari'a. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake zargi da laifi ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Kwamiti na iya rubuta cewa mun duba takardu mun ga kuɗi kaza sun fita ba bisa ƙa'ida ba, muna ba da shawarar a miƙa wa EFCC ko ICPC ko 'yan sanda. Iyakarshi ke nan. Da ya rubuta "mun same shi da laifin sata" ya shiga gonar da ba tashi ba. Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya ya haddace, ta Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, inda aka kori ɗalibai bayan tarzoma, kotun ƙoli ta ce ƙone-ƙone da kwasar kaya manyan laifuka ne, kwamitin jami'a ba ya yanke hukunci a kansu. Daga baya kotuna sun ɗan sassauta, musamman in mutum ya amsa laifinshi da bakinshi, amma ginshiƙin na nan.

Dubi Faruk Lawan. A 2012 da maganar cin hancin dala 500,000 ta fito lokacin binciken tallafin mai, abin da majalisar wakilai ta iya yi shi ne ta cire shi daga shugabancin kwamiti ta tura batun kwamitin ɗa'a. Ya ci gaba da zama ɗan majalisa. Kotu ce ta yanke mashi shekara 7 a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su 5, kotun ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Haka Salisu Buhari, kakakin majalisar wakilai a 1999, murabus ya yi da kanshi kan maganar shekaru da satifiket ɗin jami'ar Toronto, hukuncin kuma kotu ta yanke. Kuma ka lura da ɗaya gefen da mutane ba su cika kallo ba: yadda kwamiti ba ya iya ɗaure mutum, haka ba ya iya wanke shi. In ka ji an ce "majalisa ta wanke wane", wannan wankan bai hana EFCC ƙwanƙwasa mashi ƙofa gobe da asuba. Ɗan majalisa ba ya cikin masu rigar kariya ta sashe na 308, ta shugaban ƙasa ce da mataimakinshi da gwamna da mataimakinshi. Kariyar da yake da ita ta abin da ya faɗa a zaure ce ko a gaban kwamiti, ba za a kai shi ƙara a kan wannan ba. Da ya fito ya maimaita a gidan rediyo ko a Facebook, shi da ni da kai duk ɗaya.

Iyaka ta biyu, sai an ji ta bakinshi, kuma ji na gaskiya. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi mutum ko akwai sauran abin da zai ce. Tau haka abin yake a nan. A ba shi zargin a rubuce, a ba shi lokacin da zai shirya, ya ga takardun da aka dogara da su, ya ji masu ba da shaida ya yi masu tambaya. Sannan wanda ya kawo ƙara kar ya zama shi ne alƙali. A waccan shari'ar ta Maiduguri, wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, wannan kaɗai ya isa ya rusa aikin. Na taɓa raka wani ɗan majalisa na wata jiha gaban irin wannan kwamiti, takardar gayyata ta iske shi bayan isha'i ana so ya bayyana goma na safe, ba kwafin ƙorafin, muna shiga na tarar wanda ya gabatar da ƙorafin a zaure yana zaune a gefen ciyaman yana juya biro. Na ce ranka ya daɗe, shi wannan a matsayin me yake nan? Aka ce ai mamba ne. Na nemi a rubuta cewa mun yi ƙorafi a kan zamanshi, kuma wannan layi ɗaya da akawu ya rubuta shi ya fi duk surutun da na yi ranar amfani.

A nan ne matsalar take da wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. In zargin a kan kakaki yake ko shugabannin majalisa, su suka naɗa kwamitin, su za a kawo wa rahoton, su za su buga guduma a kai. An ba kura ajiyar nama ke nan. Doka ba ta hana majalisa binciken shugabanta ba, an yi wa shugaban majalisar dattawa Chuba Okadigbo a 2000, an yi wa kakakin majalisar wakilai Patricia Etteh a 2007 kan kwangilar naira miliyan 628 har ta yi murabus, kuma mu Katsinawa ba mu manta wannan rikicin ba dan a cikinshi ne Dakta Aminu Safana ya yanke jiki ya faɗi a majalisa, Allah Ya jiƙan shi. Amma abin da hankali da adalci ke so shi ne wanda ake zargi ya sauka daga kan kujera yayin da ake tattauna maganarshi, abin da kuwa ba a cika samun mai yarda ya yi ba.

Iyaka ta ukku ita ce zuciyar tambayar taka, kora da dakatarwa. Kora dai babu ita. Ka ɗauko sashe na 68 na 'yan tarayya da 109 na 'yan jiha, an jera hanyoyin da ɗan majalisa ke rasa kujerarshi: ya zama mamba a wata majalisar, ko wani abu ya same shi da zai hana shi tsayawa takara tun farko, ko ya daina zama ɗan Najeriya, ko ya amshi muƙami irin minista ko kwamishina, ko ya yi fashin zama ba dalili fiye da kashi 1 bisa 3 na kwanakin zaman shekara, ko ya sauya sheƙa alhali jam'iyyarshi ba ta rabu ba, ko mutanenshi su yi mashi kiranye. Duba sama duba ƙasa, ba inda aka ce "ko in 'yan'uwanshi sun kaɗa ƙuri'ar korarshi". A Amurka akwai wannan, tsarin mulkinsu ya ce kashi 2 bisa 3 na iya korar mamba, da shi suka kori George Santos a Disambar 2023. Namu bai ba da ba. Akwai dai kotun ɗa'ar ma'aikata, ita tana iya sauke mutum daga kujerar majalisa ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, amma ka ji sunanta, kotu ce, ba kwamiti ba.

Da yake ba su da ikon kora sai suka gano wata dabara, a dakatar da mutum wata shidda ko shekara ko "har sai abin da hali ya yi", a rufe ofis, a tsai da albashi da alawus, a janye ma'aikata. Kora ce aka sa wa wata riga. Shari'ar da ta fi fayyace wannan daga nan arewa ta fito. Rifkatu Samson Danna, mai wakiltar Bogoro a majalisar Bauchi, ta yi magana a 2012 kan ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa, aka dakatar da ita ba ranar dawowa. Babbar kotu ta ba ta gaskiya, majalisa ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta sake ba ta gaskiya, ta ce tsakanin ɗan majalisa da majalisa ba tsakanin yaro da ubangida ba ne, ba su suka ɗauke ta aiki ba, mutanen Bogoro suka turo ta, kuma hana ta zama hana su wakilci ne. Wannan shi ne gaba ɗayan zancen wallahi. Ka ɗauka wakilin Daura ne ko na Mai'aduwa ko Sandamu aka ce ya zauna gida shekara guda, ranar da za a zauna kan kasafin kuɗi a raba hanyoyi da asibitoci da makarantu wa zai buɗe baki a madadinku? Shi yana gidanshi yana shan fura, ku aka hukunta, kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi.

Ka yi lissafi ma da kanka. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ya kuma ce wanda ya yi fashin fiye da kashi 1 bisa 3, wato abin da ya haura kwana 60 in an zauna iya 181 ɗin, kujerarshi ta tafi. Wato a idon tsarin mulki barin mazaɓa ba wakili na wannan tsawon babban abu ne. Tau ya za a yi majalisa da hannunta ta hana mutum zama kwana 180? Haka aka yi wa Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji a Satumbar 2016 bayan ya tada maganar cushe a kasafin kuɗi, babbar kotun tarayya ta soke a Mayun 2018. Sanata Ali Ndume aka ba shi wata 6 a Maris 2017 dan ya ce a binciki maganar motar Saraki, shugaban majalisar dattawa na lokacin, da takardar digirin Dino Melaye, kotu ta soke a Nuwambar shekarar. Shi kanshi Dino yana cikin mutum 11 da majalisar wakilai ta dakatar a 2010 zamanin kakaki Dimeji Bankole, kotu ta dawo da su. Ovie Omo-Agege kwana 90 aka yanka mashi a Afrilun 2018, alƙali ya ce ee majalisar dattawa na da ikon ladabtar da ɗanta, amma littafinta ya ce kwana 14, kuma ba a hukunta mutum dan ya je kotu neman haƙƙinshi. Ta Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ma a 2025, kotun farko ta yarda akwai ikon ladabtarwa amma ta ce wata 6 ya yi yawa, ta kuma ci Natashar tarar naira miliyan 5 kan raina kotu, daga nan aka ɗaukaka ƙara. Ina kawo wannan ne dan kar wani ya ɗauka zuwa kotu tikitin nasara ne. Alƙalai ba su son tsoma baki a harkar zaure, in suka ga majalisa ta bi ƙa'idarta ta gayyaci mutum shi ya ƙi zuwa, suna iya juya mashi baya.

Ba mu kaɗai ba ne, a Indiya kotun ƙoli ta soke dakatarwar shekara guda da aka yi wa 'yan majalisar jihar Maharashtara 12 a Janairun 2022 da kusan irin wannan hujjar. Ingila kuwa wata hikima suka yi a 2015 da ta burge ni, in an dakatar da mamba kwana 10 na zama ko fiye, sai a mai da maganar wurin mutanen mazaɓarshi, in kashi 10 cikin 100 suka sa hannu a sake zaɓe. Wato hukuncin ƙarshe na masu kujerar ne.

Ka dubi sunayen nan da na jera ka gaya mani abin da ka gani. Ndume, Jibrin, ga Abdul Ningi da aka ba wata 3 a Maris 2024 bayan hirarshi da BBC Hausa kan kasafin kuɗi. Kusan duk baki ne ya ja masu, ba hannu ba. Ni a ganina nan ne ainihin ciwon yake, kwamitin ɗa'a ya fi saurin tashi in an taɓa mutuncin shugabanni a kan in an taɓa dukiyar talaka, kalmar "zubar da ƙimar majalisa" ta zama buhun da ake zuba duk wanda ya fita layi. Ban ce duk wanda aka dakatar waliyyi ne ba, wasunsu ma da su aka yi wa na baya, laifi tudu ne. Amma sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinshi, kuma ɗan majalisa magana aka tura shi ya yi. In ya yi ƙarya a rediyo, wanda ya ɓata wa suna ya kai shi kotu.

Abin da majalisa ke da cikakken iko a kai kuwa shi ne muƙaman cikin gida, nan ba dogon zance. Shugabancin kwamiti kyauta ce, wanda ya ba ka na iya amshewa. Shugaban masu rinjaye da bulaliya harkar jam'iyya ce, Ndume ya rasa na farko a 2017 ya rasa na biyu a 2024. Kakaki da mataimakinshi kuwa sashe na 92 ya ce sai da ƙuri'ar kashi 2 bisa 3 na 'yan majalisar, a Katsina mai mamba 34 sai an samu 23 ke nan, ba 2 bisa 3 na waɗanda suka samu zuwa ranar ba. Kuma ko an sauke shi daga kakaki yana nan a matsayin wakilin mazaɓarshi, benci kawai ya canza.

Sai dai fa, kuma wannan shi ne abin da ba a faɗa wa mutane a rediyo, cin nasara a kotu sau da yawa ihu ne bayan hari. Rifkatu 2012 aka dakatar da ita, wa'adin majalisar zuwa 2015 ne, aka yi ta jan shari'ar har kotun ɗaukaka ƙara lokaci na tafiya. Jibrin sai da ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a waje, har ya koma majalisa kafin hukunci ya fito. Za a biya mutum ariyas ɗinshi, amma kasafin kuɗin da aka yi ba wakilin Kiru da Bebeji wa zai biya shi? Shugabannin majalisa sun san wannan sarai, sun san da sun shigar da takardar ɗaukaka ƙara lokaci na wurinsu. Shi ya sa in ɗan majalisa ya zo ofishina da takardar gayyata a hannu, abin da nake ce mashi shi ne ranka ya daɗe kar ka ƙi zuwa, ƙin zuwa kyauta ce kake ba su. Ka amsa a rubuce, ka nemi kwafin zargin a rubuce, in akwai wanda bai kamata ya zauna a kwamitin ba ka faɗa tun ranar farko a rubuta, in abin ya shafi laifin da zai iya kai ka gaban alƙali ka san abin da za ka furta dan duk abin da ka faɗa bisa rantsuwa yana nan aje. Ka tanadi littafin ƙa'idojin majalisar da rubutaccen bayanin zaman ranar da aka yanke hukuncin, da su za a auna ko sun bi nasu tsarin. Sannan ka garzaya kotu a satin, ba bayan ka gama zagayen gidajen manya ana ba ka haƙuri ba. In ka shigar da ƙara kuma ka kama bakinka, kar ka je kana rubuce-rubuce a intanet kan abin da ke gaban alƙali.

Ku kuma masu zaɓe, in wakilin naku ne da gaske ya ɓata, wuƙar na hannunku, kiranye, sashe na 69 da 110. Sai dai wuƙa ce mai nauyi, sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Dino a 2018, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kashi 5 da ɗoriya cikin 100 ba, an gwada a kan Natasha a 2025 INEC ta ce takardar ba ta cika sharaɗi ba. A ƙasar da wani lokaci ko rabin masu rajista ba su fitowa ranar zaɓen kanshi, ka ga tsawon tafiyar.

Ka gaida mani 'yan majalisar taku ta mai shayi. Wanda ya ce suna iya bincike ya ci rabi, wanda ya ce ba su iya kora ya ci duka, shi kuwa mai rantsuwa shi zai biya kuɗin shayin daren yau, da ƙwai.